Ranar da Na Yi wa Tsohon Kolkata Liƙi

Shekarun baya, ina tsaka da fama da karatun digiri na uku a nan Greensboro, akwai wani abokina mutumin Kolkata da muke ofis ɗaya. Duk ranar da ya rage min hanya zuwa Wendover, waƙoƙin ƙungiya guda yake sawa a mota, har na iya amshinsu alhali ban san me suke cewa ba. Shi ya ba ni tarihinsu. Wasu samari ne a shekarun saba'in suka ɗauki jita irin ta Turawa suka haɗa da kiɗan ƙauyukansu, suna waƙar talakan birni da harshen Bengali. Jama'a suka ce hayaniya ce kawai. Faifansu bai yi kasuwa ba, suka watse. Sai can daga baya ɗalibai suka tono waƙoƙin, yau masu kiɗan rok na can su suke kira iyayen gida.

Mahaifin abokin nawa yana cikin 'yan tsirarun da suka bi su tun farko. Saboda su ya koyi jita, a gida aka yi ta masa gori har ya ajiye ta, bai sake kaɗawa a gaban mutane ba. Da ya zo ziyara, sati biyu ɗan ya yi yana lallashinsa kafin ya yarda zai yi waƙa a wata walimar rana a gidan danginsu a Pleasant Garden. Abokina ya ja min kunne cewa abu kaɗan zai sa tsohon ya mayar da jitar cikin jaka, kuma in ya mayar, shi ke nan.

Tsoho ya fara murya na rawa, daga baya ta zauna daram. Falo ya yi tsit, wasu har da rufe ido. Ni fa waƙar ta ratsa ni, shirun kuma ya ba ni haushi. Mutum yana zuba waƙa irin wannan, ba wanda ya ko motsa! Na miƙe ina laluben aljihu, matata ta riƙo min riga.

"Don Allah ka zauna, za ka yi embarrassing ɗinmu. Nan ba gidan biki ba ne."

Ban saurare ta ba. Na taka har gabansa na manna masa dala a goshi, na ƙara wata, yadda muke yi wa makaɗa a Kano.

Kiɗa ya tsaya cak. Abokina ya dafe kai. Ashe masu bara da waƙa a jirgin ƙasa tsohon ya tuna. Ya yi magana da harshensu, ɗan ya fassara min da ƙyar: "Wai sadaka ka ba shi?"

Na durƙusa a gabansa. "Baba, ba sadaka ba ce, liƙi muke ce masa. A wurinmu in mawaƙi ya ratsa ka, ka zauna shiru, ka zalunce shi. Dole ka tashi kowa ya gani."

Da aka fassara masa, ya dubi jitar. Sannan ya ce, "Lokacin da samarin nan suke waƙa a gabanmu, mu ma shiru muka yi. Muna son su, amma ba mu tashi ba. Sai da suka tsufa aka tafa musu." Ya share ido ya gyara zama. "Ce masa ya tsaya nan, kada ya koma. Daga farko zan ɗauko."

Waƙa huɗu ya yi ranar, ina tsaye a gefensa kamar ɗan amshi.

Har yau matata in ta tuna sai ta ce na ba ta kunya, ni kuwa ban taɓa nadama ba. Ban san tsarin falon mutane ba, na yarda, amma na san wanda ya cancanci a tashi dominsa, kuma tun ranar ba na barin yabo ya kwana a bakina. Tsohon ya rasu bayan 'yan shekaru. Abokina ya ce min tun da ya koma Kolkata, duk yamma sai ya fito baranda da jitarsa ya kaɗa maƙwabta suna ji, har ƙarshen rayuwarsa.