Yadda Muka Ɗaga Motar Mahaifinmu a Fagge

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Doguwa, ni da yayana, a cikin tsohuwar a-kori-kurar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana. Ni ke tuƙi, shi yana gefe ya rungume jakar takardun motar. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san motar, na sha sa hotonta. Abin da ba ku sani ba shi ne, a wannan tafiyar za a san ko tamu ce har yanzu ko ta wani. Yaya ya gaji da ita. Duk damina sai rafin da ke tsakaninmu da kwalta ya fizge mana salansa ko ya huda tankin mai, saboda motar ta zauna ƙasa, mashigin kuwa duk duwatsu ne. Shi ra'ayinsa a sayar a sayi babura biyu. Ni na roƙi dama ɗaya, in kai ta Kano a ɗaga ta. A gaban Inna muka yi sharaɗi: in ta dawo cike da taki ta haye rafi lafiya, ta zauna. In aikin bai yi ba, a can za a bar ta hannun dillalai.

Kada wani ya ce me ya hana a yi mana gada. Tun da aka dawo mulkin farar hula, ba a taɓa yin zaɓe ba a zo an auna mana rafin nan ba. Har turaku an taɓa kafawa, yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsu. A safiyar ranar ma, babu ko buhu ɗaya a bayanmu, sai da cikin motar ya gogi dutse har na ji shi a haƙorana. Yaya gyaran murya kawai ya yi, kuma na san fassararta.

Dajin Falgore ya sha ruwan farko ya yi kore shar, birai na zaune a gefen titi suna kallon motoci. A Kwanar Dangora muka karya da shayi da burodi da wainar ƙwai. Kai, ƙwai ya yi tsada! Da mai shayi ya faɗi kuɗin guda uku, sai Yaya ya tambaye shi ko har da kazar ya haɗa. Daga nan titi ya miƙe. Muka wuce gonakin shinkafar Kura, mutane sun duƙa cikin ruwa suna dashe, muka shiga Kano hantsi ya dubi ludayi. Ni da na saba gyaran injin ban-ruwa da babur a gindin tsamiya, sai ga ni cikin 'yan A Daidaita Sahu suna shiga ta hagu suna fita ta dama. Wallahi gumin da na yi daga bakin gari zuwa Sabon Gari ya fi na duk hanyar.

A Sabon Gari wani Ibo mai sayar da kayan mota aka yi mini kwatancensa. Shagonsa ƙarami ne, amma har rufi ƙarfe ne a rataye. A unguwar aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa santsi, yana cewa "ranka ya daɗe" yana danna waya. Ya baje mini kayan a ƙasa ɗaya bayan ɗaya: zobban ƙarfe masu kauri da ake sawa a gaba, bulo biyu na ƙarfe da ke shiga tsakanin sifirin da aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, dogayen ƙusoshin da ke ɗaure su, da shakazoba huɗu masu tsawo, masu shanye gargadar hanya. Ya so ya ba ni waɗanda za su daidaita gaba da baya cif, wai haka samarin gari ke so, mota ta tsaya a miƙe. Na ce, "Oga, wannan ba ta yawon sallah ba ce. In ta miƙe babu kaya, ranar da na ɗora mata masara hancinta sama zai kalla." Ya yi dariya ya canza mini, baya ya ɗara gaba kaɗan. Sai da muka yi ciniki har na fita daga shagon sau biyu kafin muka daidaita. Da muka gama shi da kansa ya nuna mana inda ake sakwara da miyar agushi, muka ci har Yaya ya sassauta tazuge.

Mai ɗaurawar a Fagge yake, wani dattijo Bayarabe da kowa ke kira Alhaji. Garejinsa na wani lungu bayan shagunan atamfa, inda 'yan dako ke wucewa da diloli a ka tun safe har yamma. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya jifa da sifana, ba ya dukan noti da guduma. Abu guda ya burge ni: bai ƙarasa ɗaure komai ba sai da aka sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafafunta, ya ce in ka ɗaure tana rataye, robobin murɗewa suke yi su yage. Na ajiye wannan a kaina. Zuwa la'asar aka gama, aka sa mata tayoyi masu ɗan tsayi, domin bulo gangar jiki yake ɗagawa, aksil kuwa sai taya. Da na ja baya na kalle ta, jama'a, sai da ƙirjina ya cika. Ta ƙaru da yatsa huɗu, ta koma budurwa. Muka kwana gidan wani ɗan'uwanmu a nan Fagge, ni dai ina ta murna.

Washegari muka kai aka daidaita ƙafafun gaba, sannan muka ɗauki diloli na wani mai shago a garinmu da ya yi sautu, da niyyar mu wuce mu ƙara taki mu kama hanya. A mahaɗar Bata abin ya faru. Wani mai A Daidaita ya tsaya cak a gabana zai ɗauki fasinja. Na taka birki. Gaban motar ya duƙa, tayoyin gaba suka yi ƙara, amma bayan sai turo ni yake yi kamar ba shi da labari. Innalillahi! Tsakanina da keken nan bai fi tafin hannu ba lokacin da ta tsaya, ga mata biyu a ciki. Mai keken ya leƙo ya wanke ni tas. Yaya ya dube ni ya ce, "A kan shimfiɗaɗɗen titi ke nan. Ina ga gangaren rafi da taki?" Ya ciro waya ya fara neman lambar dillali.

Na roƙe shi ya ba ni zuwa azahar. Muka lallaɓa muka koma wurin Alhaji. Ya duba takalman birki, lafiya lau. Ya ce iska ce ta shiga bututun birki, aka fitar da iska sau biyu, aka ƙara man birki, muka gwada a lungu, jiya i yau. Sai na cire rigata na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashinta. Motar nan tun ina sakandare nake kwanciya a ƙarƙashinta, babu notin da ban san shi ba. Akwai wata siririyar sanda da ta taso daga aksil ɗin baya ta je ga wani ɗan tulun ƙarfe a jikin shasi, wanda bututun birkin baya ke bi ta cikinsa. Aikinta shi ne gaya wa birki nauyin da ke kan mota. In an yi lodi, baya ya sauka, sai sandar ta tura tulun ya saki mai da yawa zuwa tayoyin baya. In babu kaya, ya rage.

Na sa aka sauke dilolin duka, na roƙi 'yan dako uku su riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ina kwance ina kallo. Dila ta farko, ta biyu, ta biyar, har ta ƙarshe. Bayan motar na sauka, amma sandar ko motsa tulun ba ta yi ba. Ashe da muka ɗaga motar, tulun ya yi sama da yatsa huɗu ya bar gindin sandar a inda yake. Duk kayan da za ka ɗora, ita a ganinta motar wayam take, birkin gaba kaɗai ke aiki.

Na fito na yi wa Alhaji bayani. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a ja sandar sama a ɗaure da waya, haka ake yi wa duk motocin lodi a nan, birkin baya ya riƙa ci da ƙarfi kullum. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. A gari hakan zai yi. Mu kuwa da kaya muke fita, wayam muke dawowa, kan jar laka a gangare. In baya ya kama da ƙarfi babu nauyi, juyawa za ta yi da ni ta kalli inda ta fito." Abin da na nema shi ne a yanko ƙarfe mai kauri, tsawon abin da aka ƙara wa motar daidai, a huda shi sama da ƙasa, a ɗaga gindin sandar da shi. Dattijon nan ya dube ni. Ni kuma na san gyara wa babba aiki a garejinsa, a gaban mutane, ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya miƙo mini awonsa ya ce, "Malam, auna da hannunka."

Mai walda na maƙwabtaka ya yanka ya huda, ni na ɗaura. Na sake kwanciya, 'yan dakon suka sake lodi, har sun fara yi mini tsiya wai in biya su kuɗin motsa jiki. Tun a dila ta uku na ga sandar ta fara tura tulun. Muka fita gwaji da Alhaji a gefena. Na taka, motar ta tsaya gaba ɗayanta, ƙafa huɗu, babu duƙawa babu turi. Muka sauke kayan muka sake gwadawa, nan ma ba ta ja gefe ba. Alhaji ya sa aka yanko masa irin ƙarfen guda biyu ya rataye a bango, ya ce akwai motocin da zai kira masu su. Ya kuma hana mu tafiya sai da muka ci amala da miyar ayoyo daga gidansa. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni har kunya ta hana ni ɗaga kai. Yaya dai bai yaba ba, amma ya mayar da wayarsa aljihu.

Bayan azahar muka ɗora taki muka kama hanya. A Kwanar Dangora na tsaya na sake ɗaure dogayen ƙusoshin nan, domin sabon ɗauri yakan saki in ya ji nauyi, kuma kuwa biyu sun ɗan saki. Na sayi balangu mai zafi, Yaya ya ci fiye da rabi yana cewa ba ya jin yunwa. Muna shiga Falgore hadari ya haɗo ta gabas, kafin mu bar kwalta an yi ruwa an ɗauke.

Gangaren rafinmu ya jiƙe sharkaf, jar laka sai sheƙi take yi, ruwan kuma ya kai gwiwa. Masu babura sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa suna jira ya janye. Na sa ta a giya ta ɗaya, na yi bisimilla, na fara sauka ina taɓa birki a hankali. Ga taki ga diloli a bayana, amma ko gezau, tana sauka taku-taku yadda na ce mata. Muka shiga ruwa. Na ƙanƙame sitiyari ina jiran ƙarar dutsen nan da na sani. Shiru. Sai ruwa kawai ke bugun tayoyi. Da muka hau ɗaya gaɓar masu baburan suka sa ihu da tafi, wani har hularsa ya jefa sama ta faɗa ruwa.

A 'yar tafiyar da ta rage zuwa gida na yi ta tunanin abin da na koyo. In ka ɗaga mota, duk abin da ke haɗe da ƙasanta sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka yarda da gwajin da aka yi babu kaya. Na koyi ɗauri wurin Bayarabe, na sami kaya masu kyau wurin Ibo, kuma na gane abin da na sani a gindin tsamiya ma ilimi ne, ko a tsakiyar Kano.

Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar gida. Inna ta fito har zaure da carbinta a hannu, abin da ba ta saba ba. Idonta ba ya gani sosai yanzu, sai ta tsaya tana tambaya, "Da ita kuka dawo?" Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. Ya kamo hannunta ya ɗora a jikin motar, inda yanzu sai ta ɗan yi miƙa take kaiwa.

"Da ita muka dawo, Inna," in ji shi. "Babu mai sayar da ita. Yaron nan naki ya iya aikinsa, yau na gani da idona."

Shekarata talatin da takwas, ina da 'ya'ya huɗu, amma sai da na zagaya bayan motar na yi kamar ina kwance igiya, don kada su ga fuskata.