Kyanwar da ba ta ci sai a kwanon Alhaji

Har gobe ina tuna ranar da Alhaji Ɗanladi ya shigo mana da kwandon goro a rungume. Shekarata ta biyu ke nan ina mataimakin likitan dabbobi a unguwar Albarika, nan Parakou. Aikina auna dabba, riƙe ta, da bayyana wa mai ita abin da likita ta rubuta.

Na ɗauka goro ya kawo mana. Ina buɗewa sai ga tsohuwar kyanwa, ƙashi da fata, haƙoranta sun zube. Tun daga Djougou ya ɗauko ta a cinya.

"Delu ke nan," in ji shi. "Ɗana, ka riƙe ta a hankali, ta girmi jikokina duka."

Likita ta gwada jininta, ta ce ciwon ƙoda ne. Akwai abincin gwangwani na irin wannan ciwo, amma tsada gare shi, kuma ba kullum ake samu ba. Sai ta ce in koya masa na gida: dafaffen naman kaza a daka shi, farin ƙwai, 'yar shinkafa mai laushi, kabewa kaɗan, da romo don ta sha ruwa. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba busasshen kifi. In ba haka ba, da wuya ta ga damina.

Na yi bayanina tsaf, ina jin kaina gwani.

Bayan sati biyu Hajiya, matarsa, ta bugo waya. Delu ko shinshinar abincin ba ta yi. Ashe tun tana ƙarama ba ta ci sai a kwanon Alhaji, ya kai loma, ya miƙa mata loma. Ni kuwa, sarkin bayani, ban tambaya ba! Wallahi kunya ta kama ni.

Ranar da aka tura ni rigakafin tumaki wajen Partago, kusa da Djougou, na ratsa gidan Alhaji. Na tarar da Alhaji a tabarma, kwano ɗaya gabansu, yana cusa shinkafa lami yana yatsine fuska, Delu tana lashe masa yatsa.

"Baba, kai ma shi kake ci?"

"To ya zan yi? In ban ci ba, ba ta yarda."

Hajiya ta ja ni gefe tana dariya, idonta da ƙwalla. "Shekara nawa likitan tansiyo, wato hawan jini, yana roƙonsa ya bar gishiri, ni ma har na gaji. Kyanwa ba ta ce uffan ba, ya bari."

Delu ta ga wannan damina, ta ƙara da wata.

Saboda haka, ku sababbin shiga wannan aiki namu, kafin ku faɗi abin da dabba za ta ci, ku tambaya da wa take ci.