Ranar da Aka So Yi wa Kan Jirgi Kore da Fari

Har yau ban manta da wata Laraba a shekarata ta farko a bakin aiki ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a mataki na takwas, wato inda mai digiri yake farawa, a wani wurin adana kayan tarihi da ke wajen Gudu. Abin da aka damƙa mini shi ne tsohon kan jirgin ƙasa, irin mai cin kwal yana tafiya da tururi. Abuja ba ta ga zamaninsa ba, a kan babbar mota aka kawo mana shi. Aikina in hana shi tsatsa, ya zauna yadda ya yi aiki: baƙi wuluk, da farantin tagulla mai lambarsa a gefe.

To, a al'adar ofisoshinmu, in babban baƙo zai zo, duk abin da ba ya motsi sai ya sha fenti, daga duwatsun bakin hanya har gindin bishiyoyi. Ranar ina isowa na tarar da Danjuma, mai fentinmu ɗan Yangoji, ya jingina tsani a jikin jirgin, ga bokiti biyu a ƙasa.

"Danjuma, me ke nan?"

"Oga ya ce jirgin ta yi baƙi kamar tukunya. Gobe baƙo ne. Kore, fari, kore, har wannan faranti."

Na san in fentin mai ya hau, kankare shi zai tafi da na asali. Na roƙe shi ya dakata, na nufi ofishin Darakta ina ta gyara maganata a hanya.

"Ranka ya daɗe, ba wai musu nake ba, amma ina jin, in ban yi kuskure ba, baƙin nan shi ma tarihi ne."

"Malam Sadi, tarihi ya hana kwalliya ne?"

Na kawo batun tagulla, na kawo na masana, bai ko ɗago kai ba. Har na kama ƙofa sai na juyo.

"Sai dai, ranka ya daɗe, fentin mai ba lalle ya bushe kafin gobe ba. Kuma wataƙila baƙon zai hau a ɗauki hoto, da farar babbar riga."

Ya ajiye biro. "Innalillahi! Maza ka ce wa Danjuma ya sauko!"

Washegari baƙon ya hau, ya shafa farantin, ya ce haka ya san jirgin yana yaro. Darakta ya ce, "Ai mu nan, ranka ya daɗe, ba ma taɓa tarihi." Danjuma ya kau da kai yana danne dariya.

Ku da kuka zo bayanmu, ba zan ce dokar aiki ce ba, amma ga abin da na lura: yana da kyau ka san tarihin abin da kake tsaro, sai dai kafin ka shiga ofishin oganka, ka fara sanin abin da yake tsoro.