Ambulan Goma Sha Biyu na Sulle Mai Hoto

Shekara ashirin da takwas Sulle ya yi yana ɗaukar hoto a Rogo Sabon Gari. Kafin wayoyi su rage wa sana'ar kasuwa, babu biki ko suna daga Fulatan har Kwanyawa da ba a ga babur ɗinsa a ƙofar gida ba. Mutum ne mai barkwanci. Ko dattijon da ya sha kunu, sai Sulle ya sa shi murmushi kafin ya danna.

'Yarsa Sadiya tela ce, tana aure a Unguwar Hamma, wani ƙauye a ƙasar Karaye da rafi ya raba da hanyar kasuwa. Da rani da ƙafa ake wucewa, da damina sai kwalekwale. Wata Laraba cikin Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwalekwalen ya kife da masu dawowa daga kasuwa. Mutum tara suka rasu. Sadiya sai washegari aka samo ta.

Har aka share makoki Sulle na manne da rediyo, bai ji an ambaci abin ba. Sai ya zauna ya rubuta shafi bakwai da hannunsa, ya kai wa Rukayya, 'yar ƙanwarsa da ta karanta aikin jarida.

Ta karanta tana share hawaye, sannan ta ce, “Kawu, ka yi haƙuri, babu ɗan jaridar da zai karanta wannan. Shafi ɗaya suke so: me ya faru, yaushe, a ina, me kuke nema. Sai jerin sunaye, da hotuna, da lambar wayar waɗanda suka yarda a yi hira da su.”

“To, Sadiya fa? Shafi biyu na yi a kanta.”

“Layi ɗaya za ta samu, Kawu, kamar kowa.”

 Sulle ya karɓi biro ya rubuta: Sadiya Sulle, shekara ashirin da huɗu, tela, ta bar 'ya ɗaya.

Hotuna ba su ba shi wahala ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Shida daga cikin taran shi ya ɗauke su da hannunsa, wannan ranar aurenta, wancan ranar saukarsa. Sauran ukun ya bi gida-gida. Wata tsohuwa, Hajo, ta kwance bakin zaninta ta ciro ɗan ƙaramin hoton ɗanta Bahauddeen.

“Shi kaɗai gare ni, Malam Sulle. Don Allah kar ya kwana a waje.”

A ranar ya je Rogo ya sake wanko shi, ya dawo mata da nata kafin magariba.

Ambulan ɗin wasiƙa goma sha biyu suka haɗa, shi da Rukayya. A saman takardar ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa mutanen Unguwar Hamma gada suke roƙo. Sulle ya sa farar shaddarsa, ya hau mota zuwa Kano. Guda takwas a hannun masu gadin gidajen jarida da na rediyo ya bar su. A wani gidan jarida aka bar shi ya shiga, wani edita ya zazzage hotunan a tebur.

“Allah ya jiƙan su, Baba. Amma sati uku ke nan, labarin ya kwana. Akwai bidiyon lokacin da yake kifewa?”

Sulle ya tattara hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya yi godiya, ya fito.

Wata biyar yana cajin waya kullum, ba wanda ya kira. Sai cikin Janairu wani matashin ɗan rahoto, Mu'az, ya tsinci ambulan ɗin a aljihun tebur a gidan rediyon da yake aiki, ya biyo lambar. Sulle ya ɗauko shi a babur har mashigar, mutanen ƙauye suka taru.

Mu'az ya duba hagu da dama. “Baba, ina rafin?”

“Kana tsaye a cikinsa.”

A kan yashin nan Sulle ya riƙe takarda yana karanta sunaye cikin rikoda. Bakwai ya karanta muryarsa ba ta yi rawa ba. Da ya zo na takwas sai bakinsa ya ƙi buɗewa. Ashiru, mijin Sadiya, ya matso da 'yarsu a kafaɗa, ya faɗi sunan.

Ran Lahadi bayan la'asar aka saka rahoton, minti huɗu. Mata suka yi kuka a tsakar gidaje, maza suka ce yanzu kam an ji su. Damina ta sake zagayowa, aka sayo wani kwalekwalen.

Yanzu Sulle gyaɗa yake nomawa a bayan gari, shagon hotonsa kuma ya ba wani mai sayar da taki. Idan aka zo neman sa ɗaukar hoton biki, sai ya ce a yi haƙuri, hannunsa rawa yake.