Macizan Baba Istifanus

Har yau ban manta da ranar da wani dattijo ya shigo asibitin dabbobi a Birnin Kebbi da buhu a kafaɗa ba. Safiyar Talata ce, tsakiyar damina. Lokacin ina malamin dabbobi, wato mataimakin likita: likita ke duba cuta ya rubuta magani, mu ke yin allura, mu ke zagaya ruga da gidaje. Shekarata goma sha ɗaya a aikin, ban san komai ba sai shanu da tumaki da kaji.

Dattijon ya ce sunansa Istifanus, mutumin Filato ne, ya koyar da kimiyya a sakandare har ya yi ritaya, yana zaune a Badariya. Ya kwance buhun ya zazzage a kan tebur. Mesa ce matacciya. Ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ba.

"Ta biyu ke nan cikin kwana goma," in ji shi. "Macizai tara gare ni, saura bakwai. Ku taimake ni, ɗana."

Shugabanmu Dakta Bello ya buɗe bakin mesar da tsinke, ya ga dasashin ya ruɓe, ga majina. Ya ce, "Garba, ɗauki babur ka bi shi." Na ce, "Yallaɓai, ni ban karanci maciji ba." Ya ce, "Ni ma haka. Mu koya tare. Amma in ba mu tsai da cutar cikin sati biyu ba, sai dai a kashe sauran, a huta da wahalar da su."

A bayan gidan dattijon akwai ɗaki mai akwatunan katako da ragar waya. Macizan da ke ciki mesa ce da tsadaraki, babu mai dafi ko ɗaya. Da su yake zuwa makarantu da ƙauyukan fadama yana nuna wa manoma wanda ke kisa da wanda ɓera kawai yake ci. Babbar cikinsu Ladi yake kiranta, shekararta goma sha takwas a hannunsa. Na same ta ta ɗaga kai, baki a buɗe, numfashinta na fito da ƙara. Uku suna haka. Da na matsa, sai na ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe, kamar 'ya'yan kaska, suna yawo a jikinsu.

Tunda ban san maciji ba, sai na yi abin da nake yi a garke: na tambayi wace ce sabuwar shigowa. Ya nuna wata ƙaramar mesa da ya karɓo wata guda da ya wuce daga wani gardi a Argungu. Ina suke shan ruwa? Ashe a baho ɗaya yake yi musu wanka kowace Asabar, ɗaya bayan ɗaya, ruwa guda.

Na buga wa Dakta waya, muka tsara aiki. Muka raba su uku: masu ciwo a ɗakin, waɗanda muke zargi a rumfa, masu lafiya a can kusa da zaure. Kowane da kwanon ruwansa. Muka ƙone ɓuntun shinkafar da yake shimfiɗa musu, muka wanke akwatuna da ruwan zafi da magani, muka shimfiɗa tsofaffin jaridu don a riƙa ganin ƙwarin. Doka ɗaya: a fara da masu lafiya, a ƙare da marasa lafiya, a wanke hannu tsakani.

Washegari na tafi Argungu. Na sami gardin, Mamman, a bakin gulbi yana gyaran kwando. Na tambaye shi lafiyar macizansa. Ya haɗe fuska.

"Mi ka zo nema? Macizaina lafiya lau suke."

Ya ɗauka ƙwace su na zo yi. Ban yi gardama ba. Na zauna a tabarmarsa, na ce ban zo da takarda ba, dattijon da ya ba mesa ne ke kuka, ni kuma ban san kan maciji ba, ya koya mini. Sannan ya ce, "Awo. Huɗu sunka mutu min tun farkon damina. Na aza jifa ce anka yi min. Har wurin malami na tafi."

Ya buɗe kwandunansa, ga ƙwarin nan, ga ciwon bakin nan. Kuma ranar kasuwa mai zuwa yake shirin ba wani gardi guda biyu zuwa wani gari. Na roƙe shi ya dakata, ya yarda. Shi ne ya nuna mini yadda ake kama wuyan mesa ba a ji mata ciwo ba, da yadda ake danna gefen baki ta buɗe da kanta.

Sati shida muka yi. Kullum da safe kafin ofis in biya Badariya, Baba ya riƙe jiki, ni in riƙe kai, in wanke baki da maganin aidin da aka sirka da ruwa. Bayan kwana uku-uku in yi allurar da Dakta ya auna daidai nauyin kowace. Ranar Alhamis in kai wa Mamman nasa maganin. Ƙaramar mesar nan ta mutu a kwana na tara. Muka ƙone ta. Amma da sati biyu ya cika, ko ɗaya cikin masu lafiya ba ta kamu ba. Dakta ya zo ya duba da kansa, ya ce a ci gaba.

Ladi ce ta ƙi. Numfashi ya gyaru, baki ya warke, amma ba ta kallon abinci, ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Wata Juma'a na iso na tarar ta yi saɓa, sabuwar fata na sheƙi. Baba ya saka mata tsako. Muka tsaya ba mai motsi. Ta fitar da harshe sau biyu, sai ta kai cafka. Dattijon nan ya cire hula yana cewa, "Na gode wa Ubangiji!" Ni kuwa ina ta alhamdulillahi, har matarsa ta fito da gudu tana tambaya ko wani aka sara.

Shida suka rayu a Badariya. Na Mamman kuma ba wanda ya ƙara mutuwa, cutar ba ta ƙara fita daga Argungu ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga abin da na ɗauka. Allura ta yi nata, amma da na shiga wurin Mamman da muryar hukuma, da ya rufe kwandunansa, ranar kasuwa cuta ta hau mota ta tafi wani gari. Mai dabba ya riga ka sanin abin da ya faru. Ka zauna a tabarmarsa, zai faɗa maka.