Akwatin Safara'u Mai Kitso

Safara'u mai kitso ba ta taɓa zama ma'aikaciyar ɗakin karatu ba. Mijinta, Malam Ilu, shi ne ma'aikacin. Amma in ka tambayi matan Gumel da suka yi ƙuruciya a shekarun saba'in inda suka fara riƙe littafin da ba na makaranta ba, da yawansu sunanta za su kama.

'Yar Gagarawa ce. Ubanta manomi ne mai 'yan tumaki, uwarta kuma mai kitso, a hannunta ta gaji sana'ar. Aure ne ya kawo ta Gumel. Ba ta yi boko da ƙuruciya ba. Sai da ta haihu biyu aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarsu, ta shiga, ta fito tana karanta Hausa a hankali, tana bin layi da yatsa. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, ga saurin hannu. Kitsonta yana daɗewa bai tsufa ba, don haka gidajen da take shiga suna da yawa.

Ɗakin karatun da Malam Ilu yake kula da shi ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Akwai dogon tebur, da bencina, da kabad biyu, da rediyo mai batir. Masu zuwa su ne ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, da malaman makaranta da wasu tsofaffin soja da suka dawo gida bayan yaƙi. Jarida suke karantawa, in sun gama su kama gardama. Yaro in ya leƙo ta taga sai a daka masa tsawa. Mace kuwa ba a ma zancenta.

A 1972 aka aiko da kwalayen littattafai daga Kano, cikinsu har da na yara, masu hotuna da manyan baƙaƙe, yawancinsu da Hausa. Malam Ilu ya buga musu hatimi, ya jera su a kabad, ya kulle. Suka yi watanni a nan. Wata rana ya ga bangon ɗaya ya ɓare, ya taho da shi gida don ya manne shi da ƙaro, ya ajiye a kan tabarma ya tafi masallaci.

A lokacin Safara'u tana yi wa wata yarinyar maƙwabta kitso. Yarinyar tana ta kuka tana fizge kai, an yi lallashi, an yi faɗa, ta ƙi tsayawa. Safara'u ta ce da 'yarta Fadimatu, wadda take aji huɗu a firamare, "Ɗauko littafin can na babanku ki karanta mata, ko ma samu lafiya."

Fadimatu ta zauna gaban yarinyar, tana karantawa tana nuna mata hotuna. Yarinyar ta yi tsit. Aka gama kitson ba a gama labarin ba, ta ƙi tashi sai da ta ji ƙarshensa.

Da Malam Ilu ya dawo, Safara'u ta kawo masa ruwa, ta zauna gefe.

"Malam, irin wannan littafin, akwai wasu a wurinku?"

"Kabad guda."

"Wa yake karanta su?"

"Gara, ran da na yi sake."

"To a ba ni mana in riƙa shiga da su gidaje."

Ya dube ta. "Kayan hukuma ne, ba nawa ba. In ya ɓata fa?"

"In ya ɓata a hannun yaro, ai ya fi a ce gara ce ta ci."

Malam Ilu bai yarda nan take ba. Mutum ne mai tsoron laifi. Sai da ya je ya faɗa wa na gaba da shi, aka ce masa ya bayar, amma duk abin da ya faru a wuyansa. Safara'u ta kwashe zannuwa daga wani ƙaramin akwatin ƙarfe na kayan aurenta, ta wanke shi, ta shanya. Shi ya zama akwatin littattafai.

Yadda take yi babu wuya. Takan fita da hantsi da akwatin a ka, tsinken kitso da mataji da gwangwanin mai a ƙulle a bakin zane. In ta shiga gida aka shimfiɗa tabarma, wadda za a yi wa kitson ta kwantar da kai a cinyarta, sai Safara'u ta buɗe akwatin da hannu ɗaya ta ce, "Wa ya iya karatu a gidan nan?" Hannuwanta biyu suna cikin gashi, dole wani ne zai karanta. Haka 'yan makaranta da yawa suka fara karatu a bainar jama'a, suna in-ina, iyayensu mata suna yi musu dariya. In sun yi kuskure ta gyara ba tare da ta ɗago kai ba. Gidan da babu ɗan boko, sai ta gama ta goge hannu ta karanta musu shafi biyu ko uku da kanta. In za ta tafi takan bar littafi ɗaya, sai ta dawo ta karɓa ta ba da wani.

Da tafiya ta yi tafiya, kowa ya fara faɗin abin da yake so. Ƙanana hotuna suke so. 'Yan mata da samarin gida suna son labarin tafiye-tafiye da na garuruwa masu nisa. Matan aure suka ce a samo musu na rainon yara da na kiwon kaji. Akwai wata tsohuwa da ba ta yarda a karanta komai ba sai littafin karin magana, don ta riƙa cewa ba haka ake faɗa ba. Duk Safara'u takan kai wa Malam Ilu, shi kuma ya duba kabad.

Ba ko'ina aka yi maraba da ita ba. Alhaji Ɗantsoho, mai fataucin hatsi tsakanin Gumel da Maigatari, ya dawo gida wata azahar ya tarar da matan gidan da yara sun taru a inuwa, 'yarsa Sabuwa mai shekara goma sha uku tana karanta musu labari, ga awaki sun zagaye geron da aka shanya suna ci, babu wanda ya lura. Bai yi wa Safara'u magana ba. Ya juya ya tafi ɗakin karatu.

"Malam Ilu, na zo ne kan iyalinka. Kitso na sani ana kiranta, ba makaranta ba."

"Alhaji, a yi haƙuri. Labaran yara ne, babu abin ƙi a ciki. Ga su ma ka duba."

"Ban ce akwai ba. Gidana ne ba na so. Ta zo da tsinkenta, ta bar akwatin a gida."

Da aka faɗa wa Safara'u, sai ta ce ita da akwatin tare suke tafiya. Ba ta ƙara shiga gidan ba, wasu gidaje biyu na 'yan'uwan Alhajin su ma suka daina kiranta. Abin ya taɓa ta, don manyan gidaje ne, amma ba ta yi ƙorafi ba.

Sabuwa ce ta samo dabara. Ta ce wa uwarta Hannatu babu mai kitson da ta iya da kanta sai Goggo Safara'u, tunda kuma ba za ta zo ba, ita za ta riƙa zuwa. Sai ya zama kitsonta ba ya yin mako. Ta tsefe da kanta, ta yafa gyale, ta tafi. Safara'u ta gane tun zuwa na biyu.

"Ke, wannan gashin ba jiya na kitsa shi ba?"

"Ƙaiƙayi yake yi mini, Goggo."

"Ƙaiƙayin yana cikin akwati. Ɗauki ki zauna, ki bar kanki ya huta."

Hannatu ta sani, ta yi shiru. Alhajin ma daga baya ya sani. An ce abin da ya faɗa kawai shi ne, "Kanta ne." Bai janye maganarsa ba har ya bar duniya, bai kuma hana yarinyar zuwa ba.

Shekarar fari ta zo, abinci ya yi wuya, kitso ya zama abin da ake iya haƙura da shi. Safara'u ba ta daina zagayenta ba, ko an kira ta ko ba a kira ba. Fulani da dabbobinsu suka ƙare suka sauka a bayan gari, cikinsu har da A'i, wadda a da take kawo mata nono. Safara'u takan je wurinsu da yamma, ta zauna da A'i, ta buɗe wa yara akwatin. Ƙananan ba su jin Hausa sosai, sai manyan su riƙa juya musu da Fulatanci. Ba ta ɗauki wannan a bakin wani abin kirki ba. Ta ce da Malam Ilu, "Yaro mai yunwa ba littafi yake nema ba. Amma ba ni da hatsi, kuma zaman shirun nan nasu ba na son shi."

Malam Ilu ya rasu a 1975, bayan gajeriyar jinya. Tana cikin takaba akwatin yana ɗakinta, yara suna zuwa suna karatu a tsakar gida. Aka kawo sabon ma'aikaci, wani saurayi mai suna Ya'u, wanda ya yi kwas ɗin aikin laburare a Kano. Ya aiko a karɓo akwatin, ta bayar. Bai dawo da shi ba.

Da ta fita takaba ta yafa mayafi ta tafi ɗakin karatun. Ranar ce ta fara taka cikinsa, duk shekarun da mijinta ya yi a wurin.  Ya'u ya tashi ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ɗauko littattafan ya baje a tebur. Duk sun yi baƙi. Ga shatin yatsu na man kitso a kowane shafi, wasu an yage, ɗaya akuya ta ci rabinsa.

"Inna, ki duba da kanki. In aka zo dubawa daga Kano, me zan ce?"

Ta duba. Ba ta musa ba. "Gaskiyarka. Man nan nawa ne."

"Ƙa'ida ita ce a karanta a nan, ko babba ya ara da sunansa ya mayar."

"To yaran su zo nan ke nan?"

Ya dubi dattawan da ke kan benci. "Ɗakin na kowa ne."

"Ranar Asabar zan kawo su."

Ta kawo su kuwa. Ɗakin bai ɗauke su ba, wasu a ƙasa, wasu a taga. Dattawa suka zo karatun jarida suka rasa wurin zama, ɗaya ya ce an mai da wurin kasuwar awaki, ya yi fushi ya tafi. Ya'u ya yi gumi ranar. Amma shi ma ashe abin yana ransa, don a kwas an koya musu yadda ake karanta wa yara labari, bai dai ga ta inda zai fara ba. Ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya har gida, aka daidaita: safiyar Asabar ta yara ce, a shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar ɗakin, a ajiye bokitin ruwa da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa littafi. Yammacin Lahadi kuma aka ware wa 'yan mata da duk macen da aka bari ta fito. 'Yan mata sun zo, tsofaffi sun zo, matan aure kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Saboda matan auren da ba su samu fitowa ba ne Safara'u ta sake komawa wurinsa, ta nemi ya bar ta ta ci gaba da shiga gidaje da littattafai. Ya'u ya yi ta juya maganar, daga ƙarshe ya ware tsofaffin littattafan da suka riga suka sha wuya, suka zauna tare da 'yan matan Lahadi suka yi musu riga da takardar buhun siminti, suka ɗinke bakinsu da zare. Ya ce waɗannan su ne na gidaje, sababbi kuwa ba za su fita ba. Ta ce ta yarda, ya mayar mata da akwatinta. Da gwamnati ta buɗe makarantun firamare kyauta ga kowa da kowa a shekarar da ta biyo, masu karatu suka yi yawa a gidaje, har ana rigima kan wanda zai riƙe littafi.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in yatsunta suka fara ciwo, sanyi ya kama gaɓoɓinta, kitso ya gagara. Babban ɗanta, wanda yake noma a Gagarawa, ya zo ya tafi da ita. Ya'u yakan aika mata da 'yan littattafai ta hannun direban motar kasuwa, jikoki da yaran maƙwabta su taru a zaure. Ba ta ƙara yawon gidaje ba.

Ya'u ya kai mata ziyara sau ɗaya da kaka, ya same ta tana ɓarar gyaɗa a hankali. Suna hira ya tambaye ta, cikin duk littattafan nan wanne ta fi so.

Ta yi tunani. "Ka san ban taɓa karanta ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba? In ji farkonsa a wannan gida, tsakiyarsa a wancan. Wani ma sai na ji ƙarshensa sau biyar ban san yadda ya fara ba."

"To yanzu ai kin samu lokaci, Inna."

"Idon ne kuma yanzu," in ji ta. Ta tura masa kwanon gyaɗar, ta ce ya ɗiba ya kai wa iyalinsa.