Jarumin Jirgin Roba

Muna tsaye bakin teku a Marseille, Nasiru ɗan yayata, haihuwar Paris, sai kumbura ƙirji yake. Shi ya jawo mu tun daga Lyon, da jakar goyo kamar mai hijira, wai mu zo mu yi "aventure", wato kasada. Wasan kuwa shi ne a ɗora ka kan jirgin roba, kwalekwale mai inji ya fizge ka a guje.

Abokina Isuhu ya ce shi kam ba ya hawa.

Nasiru, da ke kiransa Tonton, wato Kawu, ya kwashe da dariya. "Haba Tonton, tsoron ruwa kake? Ai wannan sai mai zuciya!"

Isuhu ya dubi rigar ceton da ke jikin yaron, ya ce, "Ɗana, na hau irinsa daga Libiya. A kansa muka kwana, ba riga, ba mai ɗaukar hoto. Je ka yi naka, zan riƙe maka takalmi."

Gogan ya hau. Ko nisa ba su yi ba ya faɗa ruwa, aka tsamo shi yana amai, yana kiran uwarsa, "Maman!"

Abin da wasu suka tsira daga gare shi da ƙyar, shi wasu ke bin layi su hau. Ku fa, me za ku ce wa Nasiru?